Malbaza Za Su Bi

Matso kusa, mai karatu, ka gyara zama, don yau bakina cike yake. Daminar bana shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana. Sunansa na yanka ba zai fito bakina ba, ko a kan takarda. 'Yan uwansa direbobi Dogo suke ce masa, kai ma ka ce Dogo, Allah Ya jiƙan sa. Na sani masu irin wannan rubutu da hawaye suke farawa. Ni a yi mini uzuri, kukan na yi shi tun tuni har maƙwabta sunka gaji da rarrashi. Abin da ya taso ni yau murna ce, kuma gudu ne ya kawo ta. Gudun nan mai nisa na maza da ake yi a babbar gasar duniya, wanda 'yan rediyo ke kira gudun famfalaƙi, mu kuwa nan Konni marato muke cewa, yadda munka ji a bakin tele.

Dogo ya ƙare ƙarfinsa ne a kan kamiyon siminti, babbar motar kaya, daga masana'antar Malbaza zuwa duk inda anka aike shi. Wata rana yana jiran lodi a rumfar wani mai shayi da ke da tele, sai ya ga waɗansu maza sirara suna gudu cikin wani birni na ƙasashen waje, jama'a na ta ihu gefen hanya. Ya tambaya ina za su. Anka ce masa kilomita arba'in da biyu za su ci, har da 'yan kai. Ranar ya shigo gida ko sallamar kirki bai yi ba. Ina tankaɗe ya tsaya a kaina.

"Ke! Kin san daga tashar Konni, arba'in da biyu ina ta kai? Dogarawa! A wuce Tsarnawa, a wuce Malbaza, sai Dogarawa! Da ƙafa, cikin awa biyu da 'yan mintoci!"

Na ce, "To wa ya koro su?"

Ya ce ba kowa.

Na ce, "To mi sunka sata?"

Ya dube ni irin kallon da yake yi wa tayar da ta yi faci, ya fita. Ba a daɗe ba sai ga tele a zaurenmu, da farantinta a kan soro.

Ka san su waɗannan masu gudu, sau da yawa kewaya birni ɗaya suke yi, su wuce gini guda su dawo su sake wuce shi. Dogo ya ce wannan ba ya gane masa, shi hanya miƙaƙƙiya ya sani. Sai ya ɗauko tseren ɗungurungum ya shimfiɗa shi a kan kwaltarmu. Da an harba bindigar tashi zai ce, "Sun bar tasha!" In lambar kilomita ta motsa a kusurwar tele, zai ce ga su a shingen jandarmomi, kuma ba wanda ya tsaya nuna takarda. Can kuma ga su sun wuce gonakin noman rani. In sun iso teburin da ake jera musu gorunan ruwa, kowa ya fizgi nasa a guje, Dogo zai ce wurin mai fura ne. Mutanen unguwa da ba su san sunan ko ɗaya daga cikin masu gudun ba sai ga su cike da zaure, har da na tsaye a ƙofa, don kowa ya san hanyar, kowa ya taɓa shan zafinta a bayan babur ko a kan amalanke. In Dogo ya ce sun wuce wuri kaza, sai ka ji wani ya riƙe baki ya ce, "Har sun kai can? Ni jiya a kabu-kabu ban kai da wagga saurin ba."

Amma daɗin abin duk ba nan yake ba. Daɗin yana wurin Malam Sahabi.

Malam Sahabi mai sayar da hatsi ne, mutumin Illela, ta arewa nake nufi, ba ta ƙetaren iyaka ba. Tun suna samari ya zo Konni ya zauna, shi ne babban abokin ango ranar da anka kawo ni gidan nan, shi ya sa har na yi furfura Amarya yake ce mini. Wanda ya san hanyarmu ya san a Tsarnawa kwalta ke rabuwa biyu, wajen kilomita goma sha biyar daga Konni, inda ake jibge buhunan albasa. Ɗaya ta miƙe gabas, Malbaza da Dogarawa. Ɗaya ta karkata arewa, hanyar Tawa, wadda mutanen Illela ke bi su je gida. To ranar farko da masu gudu sunka iso nan, Dogo ya buɗe baki zai ce sun miƙe, sai Sahabi ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Wa ya ce gabas za su? Arewa sunka yi."

"Arewa ina? Su je su yi mi?"

"Su sha iska mai kyau. Kai so kake ka kai bayin Allah su shaƙi ƙurar siminti bayan wagga wahala?"

"In sunka bi taka, a dawa za su ƙare! Ko rabin hanyar Illela ba su kai ba arba'in da biyu ta cika. Wa zai tarbe su, awaki?"

Daga ranar zaure ya rabu biyu. Da masu gudu sun doshi Tsarnawa sai ka ji ana jan tabarmi, 'yan Malbaza su koma bangon gabas, 'yan Illela su koma ɗaya bangon. Kowane tsere sai an yi wannan, kuma ba a taɓa shiryawa ba. Mutum biyu na faɗar hanya biyu a lokaci guda, kowa na ƙoƙarin danne muryar ɗan uwansa, ga Bafaranshen cikin tele shi ma yana nasa ihun ba mai saurarensa. Wajen kilomita talatin da biyar, inda ƙafa ke fara ƙin maigidanta, inda za ka ga gwarzo ya dafe ciki ya zauna gefen hanya, nan Dogo ke miƙewa tsaye ya ce, "Ga dogon bututun Malbaza can! Nan ake sauke lodi!" Sahabi ya ce ƙarya ne, hawan da ke bayan Gidan Idar, a hanyarsa ta arewa, shi ya kashe musu gwiwa. Tanko mai nama, maƙwabcinmu, shi ba shi da ɓangare, duk inda ya ga an fi ihu nan yake komawa da tabarmarsa.

Ni duk wannan ban taɓa ganinsa da ido ba a zamanin Dogo. Zaure na maza ne, ni ina tsakar gida wajen murhu. Amma bango ba ya hana ni ji. Da kunne na san tseren nan kaf. Na san shirun farko, lokacin da suke tafe a dunƙule kamar garken tumaki ba mai son wucewa gaba. Na san ƙarar jan tabarmi. Na san in muryar Bafaranshen ta siranta, wani ya ɓalle ke nan. Da Dogo ya ambaci bututun Malbaza nake fara kwashe tuwo, don na san saura kaɗan su fito da yunwa kamar su sunka yi gudun. Abu ɗaya da ya riƙa ba ni haushi shi ne jin da na yi wai kurɓa ɗaya suke yi wa ruwan su jefar da gorar, wani ma ya juye a ka. Na ce da Dogo in suna wucewa ta ƙofar gidana ne da sun ji magana.

Dogo ya kwanta ciwo a tsakiyar damina, bai yi jinya mai tsawo ba Allah Ya karɓi abinSa. Sahabi ne ya shiga kabari ya karɓe shi.

Da tsere na gaba ya zo, mutane sunka taru, har sun fi na da yawa, don kara. Ɗana Sanusi ya kunna tele. Ina tsakar gida ina saurare. Anka bar tasha, ba wanda ya ce an bar tasha. Da sunka doshi Tsarnawa na kasa kunne in ji tabarmi. Shiru. Sai can na ji muryar Sahabi ƙasa-ƙasa, kamar mai ba da haƙuri, ya ce, "Su bi Malbaza." Kowa ya ce Allah jiƙan Dogo, anka shafa fatiha. Mutane sunka yaba, sunka ce wannan shi ne abota. Ni ma a lokacin haka na ɗauka. Amma sauran tseren kamar zaman makoki anka kalle shi. Sahabi bai san hanyar Malbaza yadda Dogo ya san ta ba, kuma bai ga dalilin faɗar tasa ba. Kafin a kai ƙarshe na ji ya ɗauki takalmansa.

Haka abin ya riƙa tsiyayewa. Tsere na gaba mutum kaɗan sunka zo. Na bayansa ni da Sanusi ne kawai, sai na ce ya kashe, ya shigo da telen ɗakina, ban kuma taɓa kunna ta don gudu ba. Samari kowa ya koma kan wayarsa, ya sa abin kunne, yana kallo shi kaɗai kamar mai cin abinci a ɓoye. Sahabi bai yanke zumunci ba, kada a yi masa shaidar banza. Duk kaka sai damin gero ya iso gidan nan, duk salla sai ya zo ya tsaya a ƙofa mun gaisa. Amma zauren bai sake zama a ciki ba, kuma ko a magana bai sake ambatar gudu ba.

Bana ne matarsa ta zo mini da labari. Ta ce idanun Malam sun yi yana, ba ya gani sai dishi-dishi, daga masallaci sai ɗaki, magana ma sai an ja shi. 'Ya'yansa sun yanke shawara da an gama girbi za su mayar da shi Illela, cikin dangi. Ina jin haka, a satin nan kuma Sanusi ya ce mini babbar gasa ta zo, maraton maza zai faɗo da hantsi a agogonmu. Na kwana biyu abin na cina. Na ce in mutumin nan ya tafi a haka, shi ke nan, ba shi ba zauren nan, kuma da shirun nan zai je ya zauna a Illela har nasa lokacin ya yi. Na aiki Sanusi ya gayyato shi. Ya dawo ya ce Baba Sahabi ya gode, amma ba ya jin daɗin jikinsa.

Duk wanda ya san ni ya san ba ni da fita. Biki ma sai ya zama dole. Amma ranar na yafa mayafi na taka har gidansa. Na same shi a bakin ƙofar ɗaki yana jan carbi.

"Amarya? Ke ce da kanki? Lahiya?"

"Lahiya lau. Gobe za a fito da tele zaure."

"Ai na hwaɗa ma Sanusi. Mi zan gani? Ido ya tahi."

Na ce, "Malam Sahabi, ni da na shekara da shekaru ina kallonsa da kunne ta bayan bango, ni za ka kawo wa zancen ido? Ka zo ka ci tuwona kafin a kai ka inda ba su iya miyar kuka ba."

Ya ɗan murmusa, ya ce zai duba. Ban gaya masa abin da na ƙulla ba.

Washegari tun da sassafe na sa anka share zaure, anka shimfiɗa tabarmi. Tanko mai nama ya zo, ya tsufa shi ma amma bakin na nan. Tsofaffin direbobi biyu sunka zo. Samarin unguwa sunka shigo don sun ji ƙanshin miya. Na ajiye ƙwarya a ƙofa na ce duk mai waya ya saka a ciki, don Sanusi ya gaya mini wata wayar kan riga tele da ɗan lokaci, ba na son wani ya yi mini ihu kafin abu ya faru. Sunka yi ta gunaguni, sunka saka. Ana gab da tashi sai ga Sahabi, jikarsa na riƙe da sandarsa. Ni kuwa na ɗauko kujerata 'yar tsugunno na dasa a bakin ƙofar da ta haɗa zaure da tsakar gida. Na tsufa yanzu, ba mai ce mini koma ciki.

Ranar na fara ganin tashin marato da idona. Wayyo, mai karatu! Ashe haka suke da yawa! Kowa da rigar ƙasarsa, ga 'yan gabashin Afirka nan da ƙafafu kamar karan dawa, ga Turawa, ga Larabawa, ga mutanen gabas mai nisa, duk sun cure wuri ɗaya suna tsalle-tsalle a tsaye kamar ƙasa na ƙona su. Takalman ƙafarsu na ce Sanusi ya matso da ni in gani. Tafin takalmin kauri kamar an yanko tayar kamiyo an liƙa. Da Dogo na nan da ya tsuguna gaban tele ya ce a nuna masa wanda ya yi wannan aikin, ya tambaya ko ana yi musu faci. Kuma kowa da agogo a hannu yana dubawa. Wannan na san da bai yi wa Dogo daɗi ba, shi da ke cewa direban kirki da kunne yake sanin gudun motarsa. Amma abu ɗaya bai sauya ba, wanda shi ya sa ya fi son wannan gasa a kan tseren manyan birane: a nan ba a ɗauko masu ja musu gaba, ba kuma agogo ake tsere da shi ba. Lambobi uku ne, zinariya, azurfa, tagulla. Na huɗu, in ji Dogo, kamiyo ne da ya iso an rufe ƙofar lodi.

Anka harba bindiga. Na ce da ƙarfi, "Sun bar tasha!" Zaure ya juyo ya dube ni. Tanko ya yi dariya ya ce, "A'a, yau Hajiya ce a sitiyari?" Na ce Sanusi ya riƙa karanto mini lambar kilomita. Na wuce da su shingen jandarmomi, na wuce da su gonakin noman rani. Can birnin da suke zafi ake yi, wani ya cusa ƙanƙara cikin hularsa, samari sunka sa masa suna Mai Ƙanƙara. Akwai wani dogo mai koriyar riga, tafiyarsa a natse, kansa ba ya motsi. Na ce wannan nawa ne. Sahabi na zaune jikin bango, ya sunkuyar da kai.

Sanusi ya ce, "Sha huɗu." Tsofaffin zauren duk sun tuna. Sanusi ya ce, "Sha biyar." Sahabi ya gyara murya, ya fara da muryar nan tasa ta ba da haƙuri, "To, su bi…"

Na katse shi. "Malbaza za su bi, kuma ba da izininka ba! Wa ya tambaye ka? Dama hanyar Illela hanya ce? Wa zai kai baƙi daga ƙasashen duniya inda ba inuwa, ba mai fura, sai ƙaya da jakuna?"

Ɗaya daga cikin direbobin ya ce, "Hajiya, a yi a hankali." Sanusi ya zaro ido yana yi mini alama. Ni kuwa ban san ko zai tashi ya fita ba, in ya fita kuwa na ɓata abin da ya rage. Sahabi ya ɗago kai a hankali. Na ga gemunsa na motsi.

"Mi kika ce, Amarya?"

"Na ce in sunka bi taka a dawa za su ƙare."

"Ke? Ke da ba ki taɓa wuce Tsarnawa ba? Ke za ki hwaɗa min hanya?" Ya laluba sandarsa ya buga a ƙasa. "Arewa sunka yi! Ku duba da kyau, ku masu ido! Ba ku ga sun karkata ba?"

Allah da ikonSa, a daidai lokacin masu gudun na shan wata kwana a birninsu. Tanko ya daka tsalle ya ce, "Wallahi sun karkata!" Ya ja tabarmarsa ƙiiii zuwa bangon Sahabi. Wannan ƙarar, shekara bakwai kunnena na jiran ta. Samarin da ba su san komai ba sunka tambaya me ake yi, direbobin sunka ce ku dai zaɓi bango. Kafin ka ce me, zaure ya rabu biyu.

Gaskiya ya faɗa, ban taɓa wuce Tsarnawa ta gabas ba. Malbazar da na sani ta bakin Dogo ce. Na riƙa faɗo ta yadda na ji: ga babbar bishiyar da direbobi ke hutawa, ga rumfar mai shayi mai tele. Wani saurayi ɗan kabu-kabu ya ce, "Inna, rumfar nan an tashe ta tuntuni, shagon cajin waya ne yanzu." Na ce a hanyata tana nan, ya yi mini shiru. Sahabi ya samu abin da yake so, ya ce, "Kun ji ko? Tana kai mutane garin da babu!" Ya shiga zuba nasa: ga su sun doshi Gidan Idar, ga iskar Adar, yankin su Sahabi, na bugun ƙirjinsu, ga mata sun ajiye tulu suna kallo. Ya ce a faɗa masa wa ke gaba, anka ce Mai Ƙanƙara. Ya ce nasa ne, daga jin sunan mutumin arewa ne, ya san darajar sanyi.

Garken ya fara raguwa. Daga cincirindo sunka koma kamar goma, daga nan kana iya ƙirga su da hannu ɗaya. Wani ya kai hannu zai ɗauki gorarsa ta kuɓuce, zaure duk ya ce "Kash!" Na kusa da shi ya sha nasa ya miƙa masa saura, suna gudu, ko kallon juna ba su yi ba. Na ce wannan ɗan gidan mutunci ne, Allah Ya yi wa uwarsa albarka. Sanusi ya ce, "Talatin da biyar." Ban san lokacin da na miƙe ba, kujera ta kife. "Ga bututun Malbaza! Nan ake sauke lodi!" Kamar sun ji ni, wani ya fara tangaɗi, ya dafe cinya, ya tsaya. Saura mai koriyar rigata da Mai Ƙanƙara, kafaɗa da kafaɗa. Wannan ya ja, wancan ya manne. Wancan ya ja, wannan ya ƙi saki. Sahabi na tsaye, ya manta da sanda, jikarsa na riƙe da gefen rigarsa, yana ihu, "Ku hwaɗa min! Wa ag gaba? Ku hwaɗa min mana!" Bafaranshen tele muryarsa ta siranta har ta shaƙe. Tuwona na can a tukunya ya kama, ina jin ƙaurinsa, ban waiwaya ba.

Sai ga wani ɗan gajere da ba wanda ya kula da shi tun safe. Daga baya ya taso, bakinsa a buɗe, hannuwansa na sara iska. Ya kamo su, ya ɗan zauna a bayansu kamar mai gaisuwa, sannan ya fita ta gefe ya wuce. Ya wuce! Nawa ya yunƙura, ƙafa ta ƙi. Na Sahabi ya waiga, ya sake waigawa. Ɗan gajeren nan ya shiga layin ƙarshe shi kaɗai, ya keta ƙyallen da ƙirji, ya faɗi ya yi sujada, anka lulluɓe shi da tutar ƙasarsu. Zaurenmu kamar zai tsage. Mata maƙwabta sunka leƙo ta katanga suna tambaya ko haihuwa anka yi.

"Daga ina wanga ya hito?" in ji Sahabi, yana haki kamar shi ya yi gudun.

Tanko ya ce, "Ta cikin gonaki ya yanko."

Na ce ƙarya ne, tun Malbaza na gan shi, a Dogarawa ya ci. Sahabi ya ce gajerun mutane masu naci irin wannan sai Adar, kowa ya sani. Munka yi ta yi har anka kawo tuwo mai ƙauri, ya cinye nasa tas, ya ce na gidan Illela ya fi, a ƙaro masa. Da zai tafi ya tsaya a ƙofar zaure, ya shafa bangon gabas da tafin hannunsa, ya ce, "Abokina, ka bar mugun magaji." Da bangon yake magana, ba da ni ba. Sannan ya share ido da hannun riga ya ce hayaƙin murhuna ya yi yawa.

An gama girbi, 'ya'yansa sun zo sun ɗauke shi kamar yadda sunka shirya. Ban hana ba, ba ni da ikon hanawa. Amma mutumin da ya shiga motar ba shi ne wanda na samu a bakin ƙofa yana jan carbi ba. Matarsa ta ce tun ranar bai rufe baki ba, har limamin unguwa sai da ya ba shi labarin ɗan gajere. Ranar tafiyar, ba su daɗe da tashi ba wayar Sanusi ta yi ƙara. Ya miƙo mini. Ina jin ƙugin mota da hayaniyar masu albasa.

"Amarya, ga mu Tsarnawa. Direba ya karkata arewa. Ki yi haƙuri, yau kam ni na ci."

Na ce ya ci na yau, tsere na gaba ya tanadi caji a wayarsa, don zan sa a ajiye ta a kan tabarma jikin bangonsa, kuma ba zan raga masa ba. Ya ce dama wa ya roƙe ni ragowa.

Shekara bakwai ina lissafin abin da Dogo ya bari. Kamiyon ba nasa ba ne, an ba wani. Rigunansa an raba. Hanyar da ya sani ma ta sauya, ga shi har yara na gyara mini ita. Mu duka mun ɗauka girmama shi shi ne a bar masa hanyarsa ba mai musu, ashe da munka bar masa ita ne munka rasa shi gaba ɗaya, munka kusa rasa abokinsa a kai. Dogo mutum ne mai son a ja da shi. A cikin musun nan yake zaune, shi da dariyarsa da miƙewarsa tsaye, kuma da anka ja tabarmi ranar nan na ji shi a zauren fiye da yadda nake jinsa ranar sadakar shekara. Addu'a muna yi masa kullum, Allah Ya kai haske kabarinsa, Ya sa ya huta. Gefensa na gardama kuwa ni na riƙe, kuma ba ni saki sai an ɗauke ni.

To kai mai karatu, naka mamacin da kake kewa, a kan me kuka saba musu da shi, kuma tun da ya tafi wa ya riƙe masa gefensa?